Taura Biyu a Baki Ɗaya: Tarihin Masu Kora Jarumai da Yawa a Wasannin Intanet

Duk wasan intanet irin wanda dubban mutane ke shiga duniya ɗaya, kowa da jaruminsa, a kan zato guda aka gina shi: bayan kowane jarumi akwai mutum ɗaya zaune. Mu da muke rubuta manhaja mun san irin wannan zaton. Ba a rubuta shi a ko'ina ba, amma komai a kansa ya jingina. An auna ƙarfin dodo da cewa mutum biyar ne za su taru a kansa, an auna zinaren da zai zubo daga jikinsa da cewa biyar za su raba. To yaya ke nan idan mutum ɗaya ne ya buɗe asusu biyar, ya biya kuɗin biyar, ya zauna yana kora su gaba ɗaya kamar makiyayi da garkensa? Sama da shekara 30 ke nan wannan tambayar tana bin masu yin wasanni, kuma amsarsu ta sauya fiye da sau ɗaya.

Turawa suna kiran abin maltiboksin, daga kalmarsu ta akwati, domin akwati suke ce wa kwamfutar tebur. Sai dai ɗabi'ar ta girmi sunan. A shekarar 1978 Roy Trubshaw ya fara rubuta wasan MUD a Jami'ar Essex da ke Ingila, daga baya Richard Bartle ya ci gaba da shi. Babu hoto ko ɗaya, rubutu ne zalla. Ka rubuta "arewa", kwamfuta ta ba ka labarin ɗakin da ka shiga. Da irin waɗannan wasannin suka yawaita a farkon shekarun 1990, sai aka samu manhajojin shiga irin su TinTin++, wadda ke barin mutum ya buɗe ƙofa fiye da ɗaya a lokaci guda, har da umarnin da zai aika magana ɗaya ga duk jaruman da ya shigar. Masu kula da wasannin, waɗanda yawancinsu ɗalibai ne masu aikin sa-kai, wasu suka haramta, wasu suka ƙyale. Ke nan tun kafin a sa wa abin hoto an riga an fara jayayyar.

Inda al'amarin ya yi jijiya shi ne EverQuest, wanda ya fito a Amurka a watan Maris na 1999. Wasa ne mai taurin kai. An tsara shi yadda hannu ɗaya ba zai ɗauki jinka ba. Mayaƙi yana da jurewar duka amma ba ya iya warkar da kansa, mai magani yana warkarwa amma ba shi da ƙarfin kisa. A wancan lokacin, idan jaruminka ya mutu, za ka yi asarar wani ɓangare na ci gaban da ka tara, sannan ka taka da ƙafa, babu makami babu sulke, zuwa inda gawarka take don ka kwashe kayanka. Ƙungiya mutum shida ce, kuma wanda bai samu mai magani ba sai ya zauna jira. Magidancin da ya dawo daga aiki yana da awa biyu kacal ba zai so ya ƙarar da ɗaya wajen cigiyar abokin tafiya ba. Mafita a fili take: ya buɗe asusu na biyu, ya raini mai maganinsa da kansa.

A nan akwatin ya shigo. A farkonsa EverQuest yana cinye fuskar kwamfuta gaba ɗaya, ba ya barin ka leƙa wata taga, kuma injinan lokacin da ƙyar suke ɗaukar wasa ɗaya balle biyu. Don haka jarumi na biyu yana nufin kwamfuta ta biyu, da allon madannai na biyu a gefen tebur. Hannun dama yana yaƙi, na hagu yana miƙawa ya danna maɓallin magani. An ce taura biyu ba ta taunuwa, amma waɗannan mutanen sun tauna, ko da haƙori ya sha wuya. Daga baya aka samu manhajoji irin su WinEQ da ke tilasta wa wasan zama cikin taga, aka fara tara akwatuna biyu da uku a cikin inji ɗaya.

World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard ya fitar a Nuwamban 2004, shi ya mayar da abin sana'a mai ƙa'idoji. Wasan da kansa ya zo da umarni biyu da suka sauƙaƙa komai: ɗaya yana sa jarumi ya bi bayan wani duk inda ya nufa, ɗayan yana sa shi ya kai hari kan duk wanda jagora ke hari. Abin da ya rage shi ne yadda danni ɗaya zai isa ga taga biyar.

Bari mu ɗan tsaya a nan, domin a kan wannan ƙaramar dabarar aka yi duk rigimar da ta biyo baya. A ƙa'idar Windows, idan ka danna maɓalli, saƙon yana zuwa ga tagar da ke gaba ne kawai, sauran ba su san an yi ba. Abin da manhajoji irin su Keyclone da HotkeyNet da ISBoxer suka yi shi ne su tsaya a bakin hanya, su tare saƙon, su kwafe shi, su raba wa kowace taga. Ba wani aikin tsafi ba ne. Duk wanda ya yi shekara biyu yana koyon rubuta manhaja zai iya haɗa mai sauƙinta cikin yini. Amma sakamakon a filin wasa ba ƙarami ba ne. A zamanin faɗaɗawar The Burning Crusade ta 2007, salon da ya yi suna shi ne jarumai biyar 'yan ajin shaman, masu jefa tsawa. Mutum biyar na gaske, komai sabonsu da juna, sai an samu ɗan tsaiko tsakanin harbin wannan da na wancan, kuma a cikin wannan tsaikon ne abokin gaba ke samun damar gudu ko shan magani. Mai akwati biyar ba shi da tsaiko. Tsawa biyar ce ke sauka a daƙiƙa ɗaya. Wanda aka yi wa haka kafin ya gane abin da ke faruwa ya riga ya kwanta.

Duk da ƙorafin da aka yi ta yi, Blizzard ta daɗe tana cewa abin halal ne, muddin ɗan Adam ne ke danna maɓallin. Layin da ta ja tsakanin mutum ne da inji. Manhajar Glider, wadda ke yi wa mai asusu wasa yana barci, ita kamfanin ya yi shari'a da masu ita, kuma a 2008 wata kotu a jihar Arizona ta ba shi gaskiya, aka tsayar da diyyar dala miliyan 6. Mai akwatuna kuwa yana nan zaune, hannunsa a kan madannai. Ba ma zargin kowa da son zuciya, amma lissafin ba ɓoyayye ba ne: kuɗin wata kusan dala 15 ne, mai asusu biyar yana biyan 75. A 2008 ɗin dai kamfanin ya fito da tsarin gayyato aboki, wanda a lokacin yake ninka ci gaban jarumai sau uku idan mai gayya da wanda aka gayyata suna wasa tare. Mutane da yawa kansu suka gayyata. A shekarar ne kuma shafukan labaran wasanni suka ɗauki labarin wani mai asusu 36 a kan kwamfuta 11, wanda shi kaɗai ya kusa cika rundunar mutum 40.

Abin da ya sauya ra'ayin kamfanoni, a ganinmu, ba kukan waɗanda aka kashe ba ne. Kasuwa ce. A EVE Online, wasan jiragen sararin samaniya da kamfanin CCP na ƙasar Aislan ya fitar a 2003, kusan duk jirgin da ka gani 'yan wasa ne suka haƙo ma'adinansa suka ƙera shi suka kai kasuwa. Mutum ɗaya mai jiragen haƙa goma sha biyu, danni ɗaya, yana fitar da abin da mutum goma sha biyu za su fitar, farashi ya faɗi a kan mai jirgi ɗaya. Haka a fagen yaƙi, ayarin jiragen bam da ke ɓoye yana buƙatar su saki bam tare, abin da ke wa mutane wuya amma ba ya wa manhaja. Daga 1 ga Janairun 2015 CCP ta haramta rarraba danni ɗaya ga tagogi da yawa, ta bar mallakar asusu da yawa yadda yake. A ƙarshen shekarar EverQuest ya buɗe uwar garke mai suna Phinigel da wata doka mai ban dariya: kana iya kora jarumai da yawa, amma kowanne a kan kwamfutarsa ta daban. Wato an mayar da mutane 1999 da gangan.

Blizzard ce ta zo a makare. Tun 2013 ta hana umarnin bin baya aiki a filayen yaƙi tsakanin 'yan wasa, amma sauran ta ƙyale. A 2015 ta fito da wata alama da ake saya da zinaren cikin wasa a biya kuɗin wata da ita, wanda hakan ya sa garken jarumai zai iya ciyar da kansa. Sai aka fara ganin ayarin jarumai iri ɗaya, takwas ko goma, suna tashi tare suna sauka tare a kan kowane tsiro da ake tsinka a sayar. Mai wucewa ba zai iya bambance su da inji ba, kuma muna zaton nan ne gizo ke saƙar: masu amfani da injin gaske sun samu inuwar fakewa. A farkon Nuwamban 2020 kamfanin ya sanar da haramta manhajojin rarraba danni, a Mayun 2021 ya haɗa da na'urorin da ke yin aikin ba tare da manhaja ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba a wannan tarihin. Buƙatar da ta haifi akwati na biyu, wato rashin abokin tafiya a lokacin da kake da sarari, kamfanonin sun amince da ita a aikace. Guild Wars ya zo da mabiya na kwamfuta tun 2005. Granado Espada na Koriya ta Kudu ya ba kowane ɗan wasa jarumai uku ya sarrafa tare. EverQuest da kansa ya kawo sojojin haya a 2008, har da mai magani, Final Fantasy XIV ya yi irin nasa a 2019, World of Warcraft a farkon 2024.

Wanda zai fara yau, abin da zai tarar ya fi kama da zamanin farko. Dokar kowane wasa daban ce, kuma ita ce abin karantawa kafin a biya ko sisi, domin hukuncin saɓa ta yana iya zama rufe duk asusun da aka shekara ana raino. A EVE, alal misali, asusun kyauta ba a yarda a buɗe shi tare da wani ba, sai na biya. Tsofaffin hannu da biyu suke cewa a fara, mai tare duka a gaba da mai magani a baya, a rage kyawun hoton taga ta biyu don kada injin ya shaƙe, a jera maɓallan jaruman iri ɗaya yadda yatsa ba zai yi tunani ba. Daga nan kowane danni sai ka kai shi da kanka: ka kai hari a wannan taga, ka tsallaka waccan ka yi magani, ka dawo kafin dodon ya juya.