Kemigiram

Kemigiram wata fasaha ce ta yin zane a kan takardar hoto da sinadaran wankin hoto, ba tare da kyamara ba. Abin da ke fitowa ba kamannin mutum ko wuri ba ne, layuka ne da tabo da launuka da sinadaran suka bari.

Tarihi

Hoto babu kyamara ya daɗe. A 1843 Anna Atkins ta Ingila ta fara fitar da littafin hotunan ciyayin teku, inda take ɗora ciyawar kan takarda mai sinadari ta shanya a rana. Man Ray ya yi irin wannan a Faris a shekarun 1920. Sai dai waɗannan inuwar abu suke kamawa.

Kemigiram kuwa ana danganta shi da Pierre Cordier, ɗan Beljiyam, wanda aka haifa a 1933. Ranar 10 ga Nuwamba 1956, yana aikin soja a Jamus, ya yi rubutu da jan farce a kan takardar hoto, ya tsoma ta a sinadari, ya ga abin da ya fito. A 2010 gidan tarihin Victoria and Albert da ke Landan ya nuna ayyukansa.

Yadda ake yi

Ba a buƙatar duhu, cikin haske ake aikin. Takardar tana ɗauke da gishirin azurfa. Ruwan fito da hoto yana baƙanta shi, ruwan tsayar da hoto kuma yana narkar da shi ya bar wurin fari. Mai aikin yakan shafa kakin zuma, ko zuma, ko mai, ko fanish, don tare ruwan. Sai ya riƙa tsoma takardar cikin wannan ruwa da wancan bi da bi. Duk sanda shafin ya tsage ko ya ɓare kaɗan, sabon gefe ya buɗe, ruwan da ya riga isa wurin shi ke ba shi launi. Wanda ya ga yadda marinan Ƙofar Mata a Kano ke ɗaure zane kafin su jefa shi a baba zai gane dabarar nan take.

Kowane kemigiram guda ɗaya ne tak, domin babu fim ɗin da za a sake wankewa. Shi ya sa ake gardama ko hoto ne ko zane. Sinadaran suna iya ƙaiƙaya fata, kuma tsohon ruwan tsayarwa yana ɗauke da azurfa, bai kamata a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi ba.