Jirgin igiya na Usambara da motocin kara na Gure

A Gure, da zarar an kai amfanin gona rumbu, karan gero yakan koma hannun yara. Su fere shi da reza, su haɗa ɓawo da ɓargo, su yanko ƙafafu daga tsohon silifa, sai ga babbar mota irin masu bin hanyar Damagaram zuwa Difa. Ba safai suke ƙera jirgin ƙasa ba, domin bai taɓa zuwa garinsu ba. Dogon da ya taso daga Kano ya tsaya a Nguru, cikin Nijeriya, tun 1930, inda a da yake kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro zuwa bakin teku.

A Turai da Amurka irin wannan wasa na dattawa ne, kuma da awo ake yin sa. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne 1:87, wato santimita ɗaya a kan teburi daidai take da santimita 87 a fili. Wasu daga cikinsu sun fi ƙwallafa rai a kan jiragen dakon katako na da, musamman jirgin igiya mai sauko da gungume daga kan tsauni zuwa bakin dogo.

Afirka ta ga irinsa. A tsaunukan Usambara na Tanzaniya ta yau, zamanin mulkin Jamus, kamfanin Bleichert na Leipzig ya kafa wa ƴan katako Wilkins da Wiese jirgin igiya wajen 1910. Ya taso daga dajin Shume ya gangaro tashar Mkumbara, a kan dogon da ya fito daga Tanga. Tsawonsa kimanin kilomita 9, gangarensa kusan mita 1,500. Igiyoyin ƙarfe iri biyu ne: ɗaya kafe take a kan ginshiƙai, kekunan kaya na gudu a bisanta, ɗayar tana zagayawa tana riƙe da su. Nauyin gungumen da ke sauka shi ke jan kekunan da ke hawa, saboda haka aikin ya fi buƙatar birki bisa ga inji. Itacen kuwa a jirgin ruwa yake ƙarewa, ya nufi Jamus, inda ake yin fensir da shi.

A nan mai kwaikwayo yake gamuwa da cikas. Kilomita 9 a ma'aunin 1:87 sun haura mita 100, tsaunin kuma zai kai mita 17. Babu ɗakin da zai ɗauka. Dole ya taƙaita, ya bar ginshiƙi uku ko huɗu su tsaya a madadin sauran. Igiya ma ba ta yarda da ƙanƙancewa: ta ƙarfe nauyinta ke lanƙwasa ta tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, zare kuwa ba shi da nauyin da zai yi haka, sai an yi masa dabara.

Taƙaitawar da ta fi muni ba ta awo ba ce. A kan teburi daji kullum shar yake, ba ya raguwa, kuma da wuya a ga mutanen da suka ɗauki ƙarafan ginshiƙai a ka suka hau dutse da su. Dajin Shume na gaske ya sha gatari, sannan a 1963 aka yanki babban ɓangarensa aka raba wa manoma. Jirgin igiyar ya daɗe da daina aiki.

Malamin makaranta a Gure ba ya rasa kayan gwaji. Tudun rairayi ya isa tsauni. Sanda biyu, waya, zare da gwangwanin madara biyu sun isa jirgi. A cika ɗaya da yashi a sake shi, yara su ga yadda yake jawo ɗan'uwansa sama, sa'an nan su auna tudun su raba da 87.