Gwajin Ƙwayoyin Ƙara Kuzari a Wasan Golf na Faifai: Nazarin Giɓin da Ke Tsakanin Ƙa'idojin PDGA da na WADA

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin gwajin ƙwayoyi a wasan golf na faifai a matakin ƙwararru. An kwatanta ƙa'idojin gasa na PDGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan golf na faifai, da kundin dokokin WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, da jerin haramtattun sinadaranta, sannan aka auna su da abin da ya faru a golf na sanda tun daga 2008. Binciken ya gano cewa ɗan wasa guda yana ƙarƙashin dokoki iri biyu da ba su haɗa manufa ba, kuma ɗauko jerin WADA ɗungurungum zai fi kama masu shan tabar wiwi, ya tsallake maganin da ya fi iya sauya sakamakon gasa.

1.0 Gabatarwa

Golf na faifai wasa ne da ake jefa faifan roba, wanda nauyinsa bai wuce giram 200 ba, daga wani keɓaɓɓen wuri zuwa wani kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi. Wanda ya kammala zagaye da mafi ƙarancin jifa shi ne ya ci. An kafa filin wasan na dindindin na farko a 1975 a lambun Oak Grove da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma Ed Headrick, wanda ya tsara filin, shi ne ya kafa ƙungiyar PDGA a 1976. Wasan ya daɗe yana zaman abin nishaɗin lambu, ladan gasa da ƙyar yake mayar wa mutum kuɗin man motarsa.

Al'amarin ya sauya. A 2016 aka fara jerin gasar ƙwararru ta DGPT. A 2021 ɗan wasa Paul McBeth ya sa hannu a kwantiragin shekara 10 da kamfanin Discraft kan dala miliyan 10, shekara guda bayan haka Ricky Wysocki ya ƙulla nasa na shekara 4 da Dynamic Discs kan dala miliyan 4. A 2025 kuma aka kai gasar duniya ta PDGA ƙasar Finland. Duk wasan da kuɗi irin wannan ya shiga, ba a daɗewa sai an fara tambayar abin da 'yan wasa ke sha. Tambayar da wannan maƙala ta sa gaba ita ce: idan za a yi gwaji, me za a nema, kuma dokar wa za a bi?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Nazarin na takardu ne. An bi diddigin sashen ladabtarwa na littafin ƙa'idojin gasa na PDGA, da kundin WADA na 2021, da jerin haramtattun sinadarai da hukumar ke sabuntawa ran 1 ga Janairun kowace shekara. Hukunce-hukuncen da aka kawo a matsayin misali duk waɗanda aka bayyana ne ga jama'a.

3.0 Ɗan Wasa Ɗaya, Dokoki Biyu

Ƙa'idojin PDGA kan kayan maye an rubuta su ne a babin ɗabi'a. Sun hana shan giya ko nuna ta a fili yayin da ake cikin zagaye, sun hana tabar wiwi ko da doka ta halatta ta a jihar da ake gasar, a manyan gasa har taba sigari an hana. Hukuncin yakan kai ga korar mutum daga gasa. Abin lura shi ne duk waɗannan sun dogara ga abin da ido ya gani: jami'in gasa ko abokin zagaye ya ga kwalba ko ya ji wari. Manufarsu kare mutuncin wasan a idon masu kallo da masu tallafi. Sinadarin da aka haɗiya a ɗakin otal da safe, ko allurar da aka yi watanni kafin kakar wasa, ƙa'idar ɗabi'a ba ta da hanyar isa gare su.

A ɗaya ɓangaren akwai WFDF, tarayyar wasannin faifai ta duniya da aka kafa a 1985, wadda kwamitin Olamfik na duniya ya amince da ita cikakkiyar amincewa a 2015. WFDF ta rattaba hannu a kundin WADA, don haka gasannin da ke ƙarƙashinta, kamar gasar ƙasashe ta golf na faifai, suna bin wannan kundi. Haka ma wasannin World Games, inda golf na faifai ya bayyana a Akita ta Japan a 2001, ya sake dawowa a Chengdu ta China a 2025. A nan dokar ta fi tsauri nesa ba kusa ba. Duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa alhakinsa ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma shan sinadaran gina tsoka da gangan na jawo dakatarwar shekara 4.

Ke nan mutum zai iya yin kakar wasa sukutum yana neman abincinsa a gasannin da ƙa'idarsu ta tsaya ga ɗabi'a, ranar da ya sa rigar ƙasarsa kuma ya tsinci kansa ƙarƙashin dokar da bai saba da ita ba.

4.0 Me Zai Amfani Mai Jifa?

An sha jin cewa wasan na gwaninta ne, ƙwaya ba ta koya wa mutum jifa. Wannan hujja ce da masu golf na sanda suka yi ta maimaitawa kafin 2008. Jifan nesa yana buƙatar saurin juya ƙugu da kafaɗa, manyan 'yan wasa suna sakin faifai da gudun da ya haura kilomita 100 a sa'a, kuma tsawon ramukan gasa yana ƙaruwa. Testosteron da danginsa suna ƙara ƙarfi, amma amfaninsu mafi girma a irin wannan wasa shi ne saurin murmurewa. Kakar DGPT tana ɗaukar watanni ana tafiya daga gari zuwa gari, gwiwar hannu da kafaɗa da baya suna shan wuya, wanda ya warke da wuri ya riga takwaransa. Daga 2022 WADA ta haramta sinadarin BPC-157 da ake tallatawa don warkar da jijiya, ta kuma haramta duk allurar rage kumburi ta rukunin kotizon a lokacin gasa. Tiramadol, wanda mai karatu a Kano ko Maraɗi ya san ɓarnarsa sarai, ya shiga jerin a 2024. Magungunan amfetamin da likitoci ke rubutawa masu matsalar tattara hankali su ma haramtattu ne a lokacin gasa, sai da izini na musamman.

Sai dai inda aka fi cin gasa ko a faɗi shi ne jifan kusa, cikin da'irar mita 10 da ke kewaye da kwando da ɗan abin da ya zarce ta. A nan ƙarfi ba ya aiki. Abin da ke kayar da gwani shi ne bugun zuciya da rawar hannu, musamman a ramin ƙarshe da kyamarori a kansa. Magungunan beta-bloka, irin su furofanolol da ake ba masu hawan jini da ciwon zuciya, aikinsu ke nan: suna toshe tasirin adirenalin, su rage bugun zuciya, su kwantar da karkarwa. Saboda wannan magani aka ƙwace lambobin azurfa da tagulla daga hannun Kim Jong-su, ɗan wasan harbi na Koriya ta Arewa, a gasar Olamfik ta Beijing a 2008.

WADA ba ta haramta beta-bloka a dukkan wasanni ba. Ta ware wasu da sunansu, daga ciki akwai: harbin bindiga, harbin baka, tseren mota, biliyad, jifan kibiyar allo, golf na sanda, sai ƙaramin golf da aka ƙara a 2023 bisa buƙatar tarayyarsa. Wasannin faifai ba sa cikin wannan rukuni. Wannan shi ne babban abin da binciken ya gano. Ko da a ce gobe an fara gwajin kowane ɗan wasan DGPT bisa jerin WADA, mai shan furofanolol don ya daidaita hannunsa a gaban kwando bai karya doka ba.

5.0 Abin da Golf na Sanda Ya Nuna

Gasar PGA Tour ta fara gwaji a Yulin 2008, shekara guda kafin a amince da mayar da golf cikin Olamfik. Mutum na farko da aka dakatar shi ne Doug Barron, a Nuwamban 2009, na tsawon shekara guda, kan testosteron da furofanolol. Ya ce likita ne ya rubuta masa su don larurar da ya daɗe da ita, ya kuma garzaya kotu. A 2013 Vijay Singh ya amsa cewa ya yi amfani da wani feshin ƙahon barewa da ake cewa yana ɗauke da haramtaccen sinadarin IGF-1. Daga baya aka janye tuhumar, shi kuma ya maka hukumar gasar a kotu, shari'ar da ba a sasanta ba sai 2018. Gwajin jini bai shigo ba sai kakar 2017 zuwa 2018.

PGA Tour tana da aljihun da zai ɗauki shari'ar shekara biyar. PDGA ƙungiya ce da ke tafiya da kuɗin rajistar mambobi da gumin 'yan sa-kai. Shari'a ɗaya irin ta Singh za ta iya cinye mata kuɗin shirin gwajin gaba ɗaya.

6.0 Batun Tabar Wiwi

WADA tana haramta abu idan ya cika biyu daga cikin sharuɗɗa uku: ƙara kuzari, cutar da lafiya, saɓa wa ruhin wasa. Ta wannan ƙofa wiwi ta shiga jerin, a lokacin gasa kaɗai. A 2013 hukumar ta ɗaga ma'aunin da ake kama mutum da shi daga nanogiram 15 zuwa 150 a kowace mililita ta fitsari, kundin 2021 kuma ya rage hukuncin zuwa wata 3, ko wata 1 ga wanda ya shiga shirin jinya, muddin ya nuna ba don gasa ya sha ba. A kan haka aka dakatar da 'yar tsere Sha'Carri Richardson wata guda a 2021. A PGA Tour ma, Robert Garrigus da Matt Every duk kan wiwi aka dakatar da su a 2019.

Golf na faifai ya girma ne a lambunan Amurka, inda shan wiwi a fili ya daɗe da zama abin da ake jingina wa wasan, kuma tun daga jihohin Colorado da Washington a 2012 jihohi da dama sun halatta ta. Babu gardama cewa tana da illa, kuma ƙa'idar PDGA da ta hana ta a fagen gasa daidai ce. Amma shirin gwajin da yawancin kamunsa zai kasance na wiwi, alhali beta-bloka na wucewa salin-alin, an bar jaki ne ana dukan taiki.

7.0 Tsarin da Ya Dace da Wasan

Matakin da ya fi sauƙi ba ya cin kuɗi: WFDF ta nemi WADA ta sa golf na faifai cikin wasannin da aka haramta wa beta-bloka, kamar yadda tarayyar ƙaramin golf ta yi. Bayan haka gwajin ya taƙaita ga manyan gasanni da 'yan wasan da ke saman jadawali, tare da gwajin ba-zata a watannin hutu, domin a lokacin ake shan sinadaran gina tsoka, kafin kakar wasa ta fara sun bar jiki. Ɗaukar samfur da yanke hukunci ya kamata a miƙa su ga hukuma mai zaman kanta irin USADA ta Amurka, a kai samfurin ɗakunan gwajin da WADA ta amince da su a Los Angeles ko Salt Lake City. Ƙungiyar da ke sayar da hoton ɗan wasa ba ta dace ta zama alƙalinsa ba.

Sashen da zai fi wuya shi ne izinin magani. PDGA tana da rukunonin ƙwararru na masu shekara 40 da 50 da sama, inda shan maganin hawan jini abu ne na yau da kullum. Dole kwamitin likitoci ya fara zama kafin a ɗebi fitsarin kowa, a kuma fayyace tun farko cewa haramcin beta-bloka ya shafi buɗaɗɗen rukuni na maza da na mata ne a manyan gasanni, ban da dattawan da ke wasa a rukuninsu.