Harsashi da Awo: Wani Ɓangare na Tarihin Bindiga a Afirka ta Yamma

A wannan maƙala ina so in jawo hankalin mai karatu ga wani ɗan abu da ba a cika kulawa da shi ba idan ana maganar yaƙe-yaƙen ƙarshen ƙarni na 19, wato tsawon harsashi.

Bindigar da kakanninmu suka fara sani ita ce adaka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ba ta da tsirfa: dalma ko guntun ƙarfe, duk wanda ya shiga za ta harba. Shi ya sa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya iya dogara da maƙeransa wajen haɗa albarushi da zuba igwa.

Bindigogin da ake ɗurawa ta gindi, irin su Martini-Henry ta Ingila (1871) da Gras ta Faransa (1874), sun zo da sabon sharaɗi. A cikinsu albarushi da dalma suna haɗe ne cikin kwanson tagulla mai ƙayyadadden awo. Da taron Burasels na 1890 ya hana sayar wa 'yan Afirka irin waɗannan makamai, sai harsashi ya yi wuya. A yankin Gini, mayaƙan Samori Ture sun riƙa tsince kwanson da aka harba, maƙera su sake cika shi.

A nan ne awo ya zama batun rai da mutuwa. Kwanso yakan miƙe kaɗan bayan kowane harbi, saboda haka dole a datse shi. Idan dalma ta leƙo fiye da kima, bindiga ba za ta rufu ba. Idan kuma ta nutse ciki, wurin albarushi ya matse, ƙarfin fashewa ya ƙaru. Bindiga mai cin harsashi ɗaya tana iya jure ɗan bambanci, tunda da hannu ake saka mata. Amma mai jere, kamar Kropatschek ta 1878 wadda ke ajiye harsasai cikin bututu, wani ƙarfe ne ke ɗago su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ya zarce tsawo, sai ya cije, ya tare na bayansa, mayaƙi ya koma riƙe da sanda kawai.

A ganina, wannan yana daga cikin abin da ya raba mu da Turawa a Kano da Sakkwato a 1903. Ba jarumta muka rasa ba, ba kuma gwanintar ƙira ba. Bindigarsu Maxim tana cin ɗaruruwan harsasai a minti guda ne domin masana'anta ta yi su duka awo ɗaya. Don haka ya kamata masu nazarin tarihinmu su riƙa duba kwanson da ke gidajen tarihi kamar yadda suke duba takubba.