Tarihin Darasin Rubutu na Shekarar Farko a Jami'o'in Amurka: Daga Gyaran Kurakurai Zuwa Nazarin Nau'i

A mafi yawan jami'o'in Amurka, ko likita ɗalibi yake nufin zama, ko lauya, ko injiniya, ba ya tsallake shekararsa ta farko sai ya zauna darasin koyon rubutu. Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan darasi tun daga tushensa, a ga yadda aka yi abubuwa biyu suka haɗu a cikinsa, wato koyon bincike da nazarin nau'o'in rubutu. Tambayar da ta hana malaman darasin sakat tun fil azal ita ce: shin iya rubutu abu guda ne da za a koya sau ɗaya a tafi da shi ko'ina, kamar hawan keke, ko kuwa kowane fage da irin nasa rubutun?

Asalin darasin daga Jami'ar Harvard yake. Da Charles Eliot ya zama shugabanta a 1869, sai ya ƙuduri aniyar ba Ingilishi matsayin da a da Latin da Girkanci kaɗai suke da shi. A 1872 ya ɗauko wani tsohon ɗan jarida, Adams Sherman Hill, domin ya koyar da balaga, kuma a 1874 aka fara yi wa masu neman shiga jarrabawar rubuta insha'i. Sakamakon ya tayar da hankali, domin a wasu shekarun kusan rabin yaran ne suka faɗi, alhali kuwa sun fito daga makarantun da ake ji da su a ƙasar. Saboda haka a 1885 aka mayar da darasin rubutu shekarar farko, aka wajabta wa kowa. Kwamitin da jami'ar ta naɗa ya ba da rahotonsa na farko a 1892, ya ɗora laifin duka a kan makarantun sakandare. Wato dai an ɗauki darasin tamkar magani na ɗan lokaci, wanda za a daina sha da zarar makarantun ƙasa sun gyaru. Sauran jami'o'i suka kwaikwayi Harvard, kuma maganin na ɗan lokaci shi ne har yau ake sha.

Me ake koyarwa a cikinsa? Abu na farko shi ne gudun kuskure: nahawu, da ƙa'idojin rubutu, da alamomin tsayawa. Na biyu shi ne rabe-raben da aka fi jingina wa Alexander Bain, malami a Aberdeen ta Sikotland, wanda littafinsa ya fito a 1866. Littattafan koyarwa da suka biyo baya sun tsayar da rubutun zube a kan sigogi huɗu: siffantawa, da ba da labari, da bayani, da kafa hujja. Ɗalibi zai rubuta gajeren insha'i a kan kowace siga, malami ya bi shi da jan biro, ya mayar masa. Ba a tambayar wa ake rubuta wa, ko don me. Kasancewar aikin duba takardu ya yi yawa, sai manyan malamai suka zame jiki, aka bar shi ga ɗaliban manyan digiri da malaman wucin gadi masu ƙaramin albashi, yawancinsu mata. Wannan tabo na raini bai gama barin darasin ba, duk da cewa malamansa sun kafa ƙungiyarsu tun 1949.

Shi kuwa bincike ta wata ƙofa ya shigo. Jami'ar Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1876, ta ɗauki tsarin jami'o'in Jamus, inda aikin malami shi ne gano sabon ilmi, ba maimaita tsoho kawai ba. Wannan ra'ayi ya mamaye manyan jami'o'in ƙasar, ya gangaro sannu a hankali har ya iso ajin farko. Daga wajen 1920 zuwa 1940 “takardar bincike” ta zama babban aikin ƙarshen zango a darasin rubutu. Amma abin da ya gangaro kwasfa ce, ƙwayar ta tsaya a sama. Ana koya wa yaro ya zaɓi batu, ya tafi laburare, ya kwafe bayanai a kan ƙananan katuna, ya jera su, ya sa manazarta a ƙasan shafi bisa ƙa'ida. Littafin jagora na Kate Turabian ta Jami'ar Chicago, wanda ya fito a 1937, da ƙa'idojin da ƙungiyar malaman harsunan zamani ta buga a 1951, sun ƙara daidaita wannan fuska ta aikin. Sai ya zamana ana auna bincike da yawan manazarta da zaman waƙafi a inda ya dace. A 1982 Richard Larson ya fito fili ya ce wannan takarda ba wani nau'in rubutu ba ce ko kaɗan. Hujjarsa ita ce, bincike aiki ne da ke iya shiga kowane irin rubutu, kuma ba a laburare kaɗai ake yin sa ba; masanin tsirrai da masanin tarihi duk suna bincike, amma ba hanya ɗaya suke bi ba, ba kuma takarda iri ɗaya suke rubutawa ba.

Kafin a kai ga wannan suka, an riga an fara girgiza tsohon tsarin ta wani gefen. Janet Emig, a binciken da ta buga a 1971, ta zauna da ɗaliban sakandare takwas tana sauraron abin da suke faɗa yayin da suke rubutu, sannan Donald Murray a 1972 ya yi kira da a koyar da hanyar yin rubutu maimakon a tsaya auna abin da aka gama. Daga nan aka sami al'adar daftari na farko da na biyu da gyaran juna tsakanin ɗalibai. Haka kuma da Jami'ar Birnin New York ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya gama sakandare a birnin a 1970, Mina Shaughnessy ta nazarci dubban takardun sababbin ɗaliban, ta nuna a 1977 cewa kurakuransu suna da tsari da dalili, kuskuren mai koyo ne ba na daƙiƙi ba. Duk wannan ci gaba ne, sai dai ya mai da hankali ga marubuci shi kaɗai, ya bar jama'ar da ake rubutu a cikinta.

Wannan giɓi shi nazarin nau'i ya zo ya cike. A da in an ce nau'i, rabe-raben adabi ake nufi, kamar waƙa da wasan kwaikwayo da ƙagaggen labari, kuma da siga ake gane su. A 1984 Carolyn Miller ta Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa ta buga wata maƙala da ta sauya ma'anar kalmar. A ganinta, nau'i aiki ne da jama'a suka saba yi da magana duk lokacin da wani yanayi ya maimaita kansa, siga kuwa daga baya take zuwa, sawun aikin ce. Ta kuma ce ƙananan rubuce-rubuce na yau da kullum, irin su takardar shaidar hali da rahoton ci gaban aiki, sun cancanci nazari kamar manyan jawabai.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. A ɗauki sanarwar rasuwa a rediyo. Ana buɗewa da istirja'i, a faɗi sunan mamaci da shekarunsa da unguwarsa, a faɗi lokacin jana'iza da wurinta, a ambaci waɗanda ya bari, a rufe da addu'a. Ba wani malamin nahawu ne ya zauna ya tsara haka ba. Bukata ce ta tsara: mai sauraro yana son ya tabbata wane ne, ya san ko zai sami salla, ya san wa zai yi wa ta'aziyya. Wanda ya cusa barkwanci a cikinta bai karya ƙa'idar harshe ba, amma ya nuna bai san inda yake ba. To, rahoton ɗakin gwaji da sharhin hukuncin kotu ma haka suke ga masu su. Charles Bazerman ya tabbatar da wannan a 1988, da ya bi mujallar Ƙungiyar Masana ta Sarauta ta Landan, wadda ta fara fita a 1665, ya nuna yadda rahoton gwaji ya tashi daga gajeren labari mai kama da wasiƙa, ya riƙa ƙara bayanin hanyar aiki da hujjoji saboda masu karatu suna musu.

Wani reshen ya fito daga masu koyar da Ingilishi ga waɗanda ba harshensu ba ne. John Swales, Bature ɗan Ingila, ya koyar a Libiya, sannan ya yi shekaru biyar a Jami'ar Khartoum daga 1973 zuwa 1978 yana shirya ɗaliban kimiyya su iya karatu da rubutu da Ingilishi. A 1981, yana Birmingham, ya ɗauki gabatarwar maƙalu 48 ya feɗe su, kuma a littafinsa na 1990 ya tsayar da matakai uku da marubuci yake takawa: ya nuna fagen yana da muhimmanci, ya nuna inda magabata suka bar giɓi, sannan ya shiga giɓin ya faɗi abin da zai yi. A ganina babu wani abu da nazarin nau'i ya ba mai koyon bincike da ya fi wannan amfani, domin ya bayyana masa dalilin ambaton magabata. Ba don ado ake ambatonsu ba, ba kuma don tsoron malami ba, sai don a share wa kai wurin tsayawa. A Sydney ta Ostareliya kuma, almajiran Michael Halliday, irin su J. R. Martin da Joan Rothery, sun dage cewa a koya wa yara matakan kowane nau'i ƙarara, domin 'ya'yan masu hali suna tsintar su a gida, 'ya'yan talakawa da na baƙi kuwa ba mai gaya musu.

Sai dai ba a jima ba aka gano inda gizo yake saƙa. Aviva Freedman ta Kanada ta lura da ɗaliban da suke darasin shari'a, ta ga sun kama salon rubutun fannin ba tare da an karanta musu ƙa'idojinsa ba, ta hanyar zama cikinsa kawai. A 1993 ta tambaya ko koyarwa ƙarara tana da amfani, ko ma tana iya cutarwa. In nau'i ɗan muhallinsa ne, yaya za a koyar da rubutun injiniya a ajin da ba injiniya, malamin ma bai taɓa rubuta irinsa ba? Elizabeth Wardle ta ƙara matsa lamba a 2009, ta kira ayyukan da ake bayarwa a darasin da sunan da ya yi daidai da barbarar yanyawa: sun yi kama da rubutun ilmi, amma ba su da wani aiki a duniya illa a ba su maki. Ita da Douglas Downs sun riga sun ba da shawara a 2007 cewa a mai da rubutu shi kansa abin nazari a darasin, ɗalibai su karanta binciken da aka yi a kan rubutu, su ma su yi nasu ƙarami. Amy Devitt kuwa, a littafinta na 2004, ta ce abin da za a iya koyarwa shi ne basirar gane nau'i: ɗalibi ya tara misalai, ya tambayi wa ke rubutawa, wa ke karantawa, me aka saba faɗa, me aka saba bari. Wannan matsayi ne na fi karkata gare shi, ko da yake ya fi tsohon alkawari tawali'u nesa ba kusa ba.

Game da bincike, hujja mafi tayar da hankali ta zo daga aikin Rebecca Moore Howard da Sandra Jamieson. Sun tattara takardun bincike 174 na ɗaliban shekarar farko daga makarantu 16, suka bi kowane ambato har zuwa tushensa. Kashi 46 cikin ɗari daga shafin farko na abin da aka karanta ya fito, kashi 77 daga shafuka uku na farko, kuma kashi 6 kacal ne taƙaitawar doguwar magana. Sauran duk jumloli ne aka tsinto, aka kwafa ko aka ɗan sauya. Howard ta daɗe da raɗa wa irin wannan sauyi suna mai ma'anar ɗinkin faci, tana ganin sau da yawa alamar rashin fahimta ce, ba niyyar sata ba. Ashe matsalar rubutun bincike matsalar karatu ce. Ƙungiyar ma'aikatan laburare na jami'o'in Amurka ma ta bi wannan hanya: a 2016 ta ajiye jerin ƙwarewa da ta fitar a 2000, ta ɗauki sabon tsari da ke kallon ilmi a matsayin muhawara mai ci gaba tsakanin masana. Bayyanar ChatGPT a Nuwamban 2022 ta ƙarasa tona asirin tsohuwar takardar, tun da na'ura tana iya fitar da kwasfar cikin daƙiƙu, wani lokaci har da manazartar da babu su.

Darasin yana da dangi a Nijeriya. Jami'ar Nsukka, wadda aka buɗe a 1960 da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, ita ta fara shigo da darussan gama-gari bisa tsarin Amurka, ciki har da na amfani da Ingilishi, kuma daga baya aka wajabta su a jami'o'in ƙasar. Abin da muka gada ya fi kama da na zamanin Hill: nahawu, da fahimta, da sigogi huɗun nan, a aji mai ɗaruruwan ɗalibai. Ɗalibin Hausa kuwa nasa ya fi na kowa wuya, domin da Ingilishi aka koya masa insha'i a shekarar farko, a ta ƙarshe kuma a ce ya rubuta kundi da Hausa. Shi ya sa babin bitar ayyukan da suka gabata yakan fito tamkar kiran suna a aji: wane ya ce, wane ma ya ce, ba a san inda mai kundin ya tsaya ba. Abin da nake yi da nawa ɗaliban shi ne in aike su laburaren sashe su ɗauko gabatarwar kundaye biyar, su ja layi a kan jumlar da kowane marubuci ya nuna giɓin da zai cike. Sau da yawa sukan dawo su ce a wasu kundayen sun nema sun rasa.