Shekara hamsin na gawayin Anu Araren

A Gaffati, idan aka ce gawayi, hankali kan tafi ga itacen da aka ƙona aka rufe da ƙasa. Shi ya sa ranar da mahaifina ya dawo gida karon farko da wani baƙin dutse a aljihu, ya ce shi ma gawayi ne, tono shi ake yi, dattawa suka yi ta juya shi a hannu. Kakata ta ƙi yarda a sa shi a murhunta.

Dutsen daga Anu Araren ya fito, kusa da Cirozerin, arewa da Agadas. A can gwamnatin Seyni Kunce ta kafa kamfanin SONICHAR a 1975. Dalilin a fili yake: SOMAÏR ta fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, COMINAK na tafe, dukansu kuwa gazuwal suke sha don samun lantarki, ga farashin mai ya yi tashin gwauron zabi bayan 1973. Nijar ba ta da bakin teku, kowace lita sai ta ratso ƙasashen wasu. Sai aka ce, tun da Allah ya ajiye gawayi a Abzin, a ƙona shi a can, a ja waya zuwa Arlit.

Mahaifina na cikin samarin Damagaram da farin 1973 da 1974 ya kora. Cin rani ya tafi arewa, ta Tanut, a bayan babbar mota, da niyyar dawowa kafin shuka. Damina ta zo ta wuce yana can. Lebura ya fara, yana ɗaukar siminti lokacin da ake gina tashar lantarki, daga baya ya koyi tuƙin manyan motocin da ke hawowa da gawayi daga rami. Ramin a buɗe yake, ba irin na Inugu ba da ake kutsawa ƙarƙashin ƙasa: a yaye ƙasar sama, a tarar da baƙin shimfiɗe.

Shekarun da ya fi son ba da labarinsu su ne 1981 da 1982, lokacin da aka kunna injinan tashar biyu, ɗaya bayan ɗaya, kowane mai ƙarfin megawat 18.8. Yakan ce a daren farko ba wanda ya yi barci a unguwar ma'aikata. Abzinawa, Hausawa, Zabarmawa da Barebari sun zauna ƙofa da ƙofa. A can mahaifiyata ta koyi dafa shayi sau uku, maƙwabtanta kuma suka saba da furar Damagaram. Duk wata kuɗi na isowa Gaffati, da su aka sayi shanun noma, aka aurar da ƙannensa mata biyu.

An sha wuya daga baya, ba musu. Kasuwar yuraniyom ta faɗi, tawaye ya tashi a arewa har zuwa sulhun 1995, ya sake tashi a 2007. Injinan ma sun tsufa, wanda kuwa ya shekara arba'in yana aiki dare da rana ba a yi masa gorin tari. An rufe COMINAK a watan Maris na 2021, babban mai sayen wutar ya tafi.

Amma a tuna da watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Yamai, Maraɗi da Zinder duk sun ji a jikinsu. Agadas, Arlit da Cirozerin kuwa ba su taɓa rataya a kan wayar Najeriya ba, tasu wutar daga ramin nan take fitowa. Masu cewa zamanin gawayi ya wuce daga ƙasashen da suka ƙona nasu shekara ɗari biyu suke magana. Ga kuma na Salkadamna a jihar Tawa kwance yana jira.

Dutsen nan yana cikin akwatin mahaifina har yau, a naɗe cikin tsumma tare da katinsa na aiki. Jikokinsa sukan roƙa a fito da shi, su shafa, su duba tafin hannunsu.