Bulimiya: Ciwon da ke ɓuya a bayan cin abinci

A zango mun saba auna lafiyar yaro da cikinsa: in ya share kwanon tuwo ya nemi ƙari, sai mu ce Alhamdulillahi. Amma akwai ciwon da ke ɓuya a bayan yawan ci. Sunansa bulimiya, kuma wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, Gerald Russell, ne ya fara bayyana shi a 1979.

Yadda yake kama mutum

Mai wannan ciwo yakan ci abinci mai yawan gaske cikin ɗan lokaci, galibi a ɓoye, yana jin ya kasa tsayawa. Daga nan sai kunya da tsoron ƙiba su rufe shi, ya tura yatsa a maƙogwaro ya yi amai, ko ya sha maganin wanke ciki, ko ya hana kansa abinci, ko ya wahalar da jiki da motsa jiki. Likitoci na tabbatar da ciwon idan hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3. Ya fi kama ’yan mata, amma samari ma ba su tsira ba. Ba ya duba arziki: Gimbiya Diana ta faɗa wa BBC a 1995 cewa ta yi fama da shi shekaru.

Alamomin da za mu lura da su

Jikin mai bulimiya yawanci ba ya ramewa, shi ya sa iyaye ba sa ganewa. Mu kula da shiga bayan gida da zarar an gama ci, kumburin kumatu, lalacewar haƙora saboda tsamin amai, da kanta a bayan yatsu. Yawan amai na rage sinadarin potasiyam a jini, wanda ke rikita bugun zuciya, har ya kai ga mutuwa.

Abin yi

Wannan ba kwaɗayi ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne. Duka da gori na ƙara tura yaro ga ɓoyewa. Ana warkewa ta hanyar zama da ƙwararren mai ba da shawara, wani lokaci haɗe da magani irin su fluoxetine. A Gana, asibitin Pantang da na Komfo Anokye a Kumasi suna duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Mai ciwon ya tuntuɓi likita kafin azumin Ramadan, domin yunwar yini da cika ciki da buɗe-baki na iya tayar da shi.

Iyaye, mu daina tsokanar ’ya’yanmu da ƙiba. Matasa, mu faɗa wa wanda muka yarda da shi. Allah ya ba mu lafiya.